Ƙurar Dawaki da Hasken Kyandir

'Yan fim suna kiransa tirela. A Jega kuwa, in ka ce tirela, abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne doguwar motar nan da ke tsayawa a mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kabi da Yawuri, an danƙara mata albasar Aliero ko buhunan shinkafa za ta Kudu. Saboda haka zan kira shi da sunan da kowa zai gane, wato tallan fim: 'yan mintunan nan biyu ko uku da ake tsakurowa daga cikin shiri, a jera su, a ɗora musu kiɗa, a sake su tun shirin bai fito ba domin a ja ran mai kallo. Sunayen biyu dai ba su rasa dangantaka ba. Kowannensu kaya yake ɗauke da shi, kuma daga nesa ake fara hango shi, a yi ta kintacen abin da ke ƙarƙashin tamfol.

Irin wannan talla guda biyu ne suka tsaya mini a rai, shekara uku tsakaninsu. Na farko shi ne na fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, kamfanin Netflix ya saki a watan Nuwamba na 2021. Na biyu na zango na biyu ne na Wolf Hall, shirin talabijin na BBC a kan fadar Sarki Henry na Takwas na gidan Tudor a Ingila, wanda aka fara nunawa a Nuwamban 2024. Dukansu sun yi alkawarin kai ni ƙarni na 16. Ɗaya zai kai ni Zazzau, tafiyar yini guda a mota daga ƙofar gidanmu. Ɗayan zai kai ni Landan, inda ban taɓa sa ƙafa ba. Abin da ya ɗaure mini kai, har ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne a fadar Landan ɗin na fi jin ƙamshin gida.

Lokacin da tallan Amina ya fara yawo a wayoyi ina aji uku a jami'a a Sakkwato. Na zo gida a ƙarshen mako, muna tsakar gida bayan sallar isha'i, sai ƙanwata ta miƙo mini waya ta ce, "Yaya, ka ga wannan kuwa?" Muka haɗa kai a kan ɗan allon. Kakarmu na gefe a kan tabarma tana jan tasbaha, ita ma ta leƙo. Tsigar jikina ta tashi. Ga dawaki a guje, ƙura ta turnuƙe, ga mayaƙa da takubba da garkuwoyi, ga kuma mace a gabansu riƙe da makami. Tun ina yaro nake ganin zanen Sarauniya Amina a littattafai, kullum a kan doki, kullum takobi a sama, kamar an ce mata ta tsaya haka har abada. Ban taɓa ganinta tana motsi ba. Mu da muka tashi muna kallon jaruman wasu, na Indiya da na Sin, daga baya masu tura fim a waya suka cika mana katinmu da Ertugrul na Turkiyya an juya shi zuwa Hausa, yau ga tamu ta fito fili, kuma a dandalin da duk duniya ke kallo.

Sai aka buɗe baki, sai ga Turanci. Kakarmu ta dakatar da tasbaharta ta ce, "Kai maigidan, wagga ita ta Aminar? To mi yas sa taka Turanci? Ko Nasara sun riga sun zo ƙasag ga lokacinta?" Muka yi dariya. Dariyar ta ƙare a daren, tambayar kuwa har yau tana nan.

Adalci ya wajaba a kan masu shirin, kuma na fi son in fara da shi. Okechukwu Ogunjiofor, wanda ya shirya fim ɗin, shi ne mutumin da ya yi Living in Bondage a 1992, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin Nollywood. Ba Bahaushe ba ne, amma shi ne ya ga Amina ta cancanci a zuba mata dukiya. Mu masu ita fa? Tun daga Turmin Danya a 1990 Kannywood take fitar da fina-finai ba adadi, yawancinsu a kan soyayya da kishiya da gado. Na tarihi mai nauyi, in an ce a ambata, da yawa sai sun koma har 1976, ga Shaihu Umar na Adamu Halilu. Fim ɗin yaƙi tsada gare shi: dawaki, sutura, gine-gine, ɗaruruwan mutanen da za a ciyar a daji. Wanda ya zuba wannan kuɗi dole ya duba kasuwar da za ta mayar masa, kuma ya ga kasuwar Turanci ta fi faɗi. Ya kuma sa 'yan wasanmu a ciki, har da Ali Nuhu. A 2022 fim ɗin ya ci lambar fim mafi kyau a gasar AMVCA. Wanda bai yi ba, ai sai ya ba da wuri.

Duk da haka harshe ya wuce riga da za a tuɓe a sa wata, musamman a labarin fada. Fadar Bahaushe da magana aka gina ta, da kuma rashin magana. Mutum yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi, ya yi gaisuwa, sarki bai ce uffan ba, amawali ya rufe masa baki, dogarai ne za su amsa, su ce sarki ya gaishe ka. Buƙata ba ta tafiya kai tsaye. Takan bi ta bakin wani, ta rataya a jikin karin magana, ta iso a lulluɓe. Fushin sarki ba ya buƙatar tsawa, ya isa ya kau da kai. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar fadar Sarkin Kabin Jega ranar salla ya ga ɗan abin da ya rage na wannan tsari. Da zarar an juya zancen zuwa Turancin fim, duk wannan ya zube, sai a bar mutane tsaye ƙirji da ƙirji suna faɗa wa juna abin da ke ransu ƙarara, kamar a finafinan Amurka. Da na kalli fim ɗin gaba ɗaya daga baya, na tarar har da fagen gwabzawa mai kama da na Rumawa. Ƙasar da ke da dambe da kokawa da sharo, mai makaɗa da 'yan kirari, ba ta rasa fagen da za a nuna jarumta ba da har za a je aro.

Sai dai kuma me aka bar wa mai fim ya riƙe? Abin da rubutattun tarihi suka ce a kan Amina bai cika shafi biyu ba. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infakul Maisuri, ya ambaci yaƙe-yaƙenta ya ce a Atagara ta rasu, wurin da masana ke dangantawa da ƙasar Igala. A nan ne ma zaren Igala da fim ɗin ya ja ya sami madogara. Labarin baka na Zazzau kuwa ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sa zamaninsa wajen 1536. In Tarihin Kano ne ya yi daidai, ta riga Henry na Takwas da kusan shekara 100. In na Zazzau ne, tsarar 'yarsa ce, Sarauniya Elizabeth ta Farko. Macen da ko ƙarninta ba a daidaita a kai ba, wa zai ce ga yadda take murmushi? Dole mai fim ya ƙaga. Abin tambaya shi ne daga wace rijiya zai ɗebo abin da zai cike giɓin.

Wannan tambaya ba ta masana kaɗai ba ce. A shekarun da na yi firamare da ƙaramar sakandare an cire darasin Tarihi daga manhaja, an narkar da ɗan abin da ya rage a cikin Nazarin Zamantakewa. Sai a 'yan shekarun nan aka dawo da shi. Tsarana da na ƙanwata mun tashi mun san sunan Amina, ba mu san komai a bayan sunan ba. Ga irinmu, abin da allon waya ya nuna shi ne zai zauna a gurbin da littafi bai cike ba. Yanzu da nake koyarwa a wata makaranta a nan Jega, na taɓa tambayar 'yan aji su faɗa mini abin da suka sani a kan Amina, sai wata yarinya ta ba ni labarin fim ɗin tiryan-tiryan, har da soyayyar, da cikakken yaƙinin mai karanta hadda. Ban ga laifinta ba. Shi ne kaɗai labarin da aka taɓa ba ta mai fuska da murya.

Tallan Wolf Hall kuwa ni kaɗai na kalle shi, da dare, an ɗauke wuta. Na riga na karanta littafi na farko na Hilary Mantel, wanda wani malaminmu ya ara mini a shekarar ƙarshe. Ta rubuta uku ne a kan mutum ɗaya: Wolf Hall a 2009 da Bring Up the Bodies a 2012, kowannensu ya ci lambar Booker, sai The Mirror and the Light a 2020, shekara biyu kafin rasuwarta. Zango na farko na shirin, mai kashi shida, ya fito a 2015 a ƙarƙashin umarnin Peter Kosminsky, kuma an ɗauki wuraren dare da hasken kyandir, har wasu masu kallo a Ingila suka yi ƙorafin ba sa ganin komai. Wannan ƙorafi ya ba ni dariya. Wanda ya yi karatun allo a gaban aci-balbal ya san yadda fuskar mutum take a irin wannan haske: rabi a bayyane, rabi a ɓoye, ido yana ƙyalli, ba ka sanin ko murmushi ake yi maka ko auna ka ake yi.

Haka fuskar Mark Rylance take a tallan, shi da ya fito a matsayin Thomas Cromwell. Fuska ce kamar ƙofar da aka rufe aka sa sakata ta ciki. Ban ga runduna ba, ban ga ƙura ba. Ɗakuna ne masu duhu, da dogayen riguna, da mutane masu magana ƙasa-ƙasa, da sarki, wato Damian Lewis, wanda ke kallon bawansa irin kallon da ba a gane ko ƙauna ce ko hukunci. A al'adance ya kamata irin wannan talla ya gundure ni. Maimakon haka sai na ji gabana yana faɗuwa fiye da yadda takubban Amina suka sa shi.

Dalili na farko shi ne tallan bai wahalar da kansa wajen gabatar da kowa ba. Masu shi sun san duk yaron Ingila ya san sarkin nan mai mata shida, kuma masu bin shirin sun san inda labarin zai ƙare. Cromwell, wanda ake cewa ɗan maƙeri ne daga Putney, ya fara ne a hidimar Wolsey, babban malamin coci, wanda shi ma ake yi masa gorin ɗan mahauci ne. Da Wolsey ya faɗi, sai ya shiga hidimar sarki. Shi ya tsara dokokin da suka raba cocin Ingila da Paparoma a 1534, bayan sarki ya rabu da matarsa ta fari ya auri Anne Boleyn. Shi ya kuma haɗa shari'ar da ta kai ga sare kan Anne a ranar 19 ga Mayu, 1536. A Afrilun 1540 aka ɗaga shi zuwa ɗaya daga manyan sarautun ƙasar. A watan Yuni aka kama shi, bayan auren da ya ƙulla wa sarki da Anne ta Cleves ya lalace, maƙiyansa suka sami ƙofa. Ranar 28 ga Yuli, 1540 aka sare kansa, kuma a wannan rana sarki ya auri Catherine Howard, 'yar ɗan'uwan babban abokin gabarsa. Mai kallon da ya san wannan, duk murmushin da sarki ya yi a tallan sai ya ji kamar wasa wuƙa ake yi. Sanin ƙarshe bai rage fargaba ba, ƙara ta ya yi. Tallan Amina ba shi da wannan gata. Dole ya yi ihu, domin yana magana da mutanen da ba su san komai ba, har da mu jikokinta.

Dalili na biyu shi ne na gane fadar. Ɗan maƙeri da ɗan mahauci sun hau sun wuce 'ya'yan sarauta, 'ya'yan sarauta suna jiran ranar da za su tuna musu asalinsu: wane Bahaushe ne zai ce sai an yi masa bayanin wannan? Mun san yadda bayin sarki a Kano, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, suka riƙe ƙarfin da hakimai ke shakka, ƙarfin da ba shi da tushe sai yardar mutum ɗaya. Mun san bafade mai auna fuskar ubangidansa kafin ya ce ina kwana. Masu shirin sun fahimci cewa iko a hankali yake magana, kuma mafi hatsarin wuri a masarauta shi ne kusa da kunnen sarki. Wannan ilimi na kakanninmu ne kamar yadda yake na kakanninsu. Su sun yarda da shi har sun gina talla a kansa. Namu labarin kuwa an ga kamar ba zai sayu ba sai an cika shi da ƙarar ƙarfe.

Akwai kuma takarda. Cromwell mutumin takarda ne. Shi ya ba da umarni a 1538 cewa kowace coci ta riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Wasiƙunsa suna nan, har da wadda ya rubuta wa sarki daga kurkuku yana roƙon rai. Hans Holbein ya zana shi, ya zana sarkin, ya zana matan, saboda haka mai ɗinka suturar shirin yana da abin dubawa har zuwa maɓalli. Amma kada a ɗauka takarda ta kashe gardama. Thomas More, wanda wasan Robert Bolt ya nuna a matsayin waliyyi mai tsayawa kan gaskiya, Mantel ta mai da shi mutum mai taurin zuciya, ta kuma wanke Cromwell da aka daɗe ana ɗauka mugu; masana tarihin Ingila har yau suna ja da ita a kan haka. Ita ma ƙagawa ta yi. Bambancin shi ne takardun sun zame mata shinge, ta san inda gonarta ta tsaya, kuma masu karatunta suna da abin da za su auna ta da shi.

Ba ma a duniya daban suke da mu ba, waɗannan mutanen Tudor. A zamanin Elizabeth 'yan kasuwar Ingila suna cinikin tufafi da sukari da Maroko ta Sarki Ahmad al-Mansur, kuma rundunar wannan sarki ce ta ƙetare Sahara da bindigogi ta karya Songhai a Tondibi a 1591. Songhai kuwa ita ce daular da Kabi ta ɓalle daga hannunta.

A nan ne tunanina ya dawo gida. Henry yana da kimanin shekara bakwai a kan gado lokacin da Muhammadu Kanta, wajen 1516, ya juya wa Askiya Muhammadu baya bayan yaƙin Agadas, a kan rabon ganima kamar yadda Tarihin Sudan na Assa'adi ya kawo. Songhai ta yi ta turo runduna ba ta iya mai da shi ba. Ya gina Surame da ganuwar dutse, wadda kufanta ke nan a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. Ya kara da Barno, kuma a hanyar dawowa daga wannan yaƙi ne kibiya ta same shi a ƙasar Katsina, ta zama ajalinsa. Labarin baka ya ce makiyayi ne da fari, ɗan dambe da ba a kayarwa, kuma yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla wanda yake zagaya ƙasarsa da shi lokacin ambaliya. Makiyayi yana kan gadon sarauta a shekarun da ɗan maƙeri ya zama waziri. Ɗaya an yi masa littafi uku da shiri zango biyu. Ɗayan yana da gidan tarihi a Argungu da sunansa a jikin makarantu. Na tambayi ɗalibaina wa ya san Kanta, hannu uku suka tashi. Na tambaye su wa ya san Ertugrul, ajin ya kaure.

Amma Kanta, kamar Amina, nesa yake, takardunsa kaɗan ne, kuma mai son yi masa fim zai sha fama da jarabar ƙura da takobi. Labarin da ya fi kama da Wolf Hall yana ƙarƙashin ƙafata ne, a tushen garin da nake zaune. Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Ya bar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, nan kusa da mu. Harin da rundunar Yunfa ta kai Gimbana, da kuɓutar da kamammun da jama'ar Shehu suka yi sa'ad da aka biyo da su ta Ɗegel, suna cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Wato da shi aka fara. Bayan an ci nasara sai ya ga rabon da aka ba shi bai kai matsayinsa ba. Ya zauna a Kware, kuma da Shehu ya rasu a 1817 sai saɓani ya fito fili tsakaninsa da Muhammadu Bello. Aka yi ta musayar wasiƙu, wasiƙu suka kasa, aka yi yaƙi. Kware ta faɗi a farkon 1818, shi kuma ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Ragowar jama'arsa suka tattaru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu suka ci gaba da turjiya. Ɗansa Buhari, bayan ya yi mubaya'a daga baya, shi ya kafa Jega, wadda ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin daular.

Wannan labari yana da takarda. Bello da kansa ya rubuta Sardul Kalami a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, ya kuma sa wasiƙun a ciki. Malam Abdullahi na Gwandu ya bar Tazyinul Waraƙati, inda ya bayyana damuwarsa da yadda ya ga son duniya yana shiga jama'a tun ana tsakiyar jihadi. Ga amana, ga ƙorafin rabo, ga tambayar wa ya fi cancanta, ga malamai masu jayayya da aya da hadisi a hasken fitila. Ba a buƙatar aron komai daga Rum. Ba a ma buƙatar dawaki da yawa.

Abin da ake buƙata shi ne zuciya, kuma a nan na fi jin nauyin al'amarin. Ingila tana iya nuna sarkinta a matsayin mutum mai son kai da kashe mata, a kalla a tafa, domin gidan Tudor ya ƙare tun 1603, ba wanda zai kwana da haushi. Namu mutanen kuwa jikokinsu suna kan gadajen sarauta, sunayensu ana ambatonsu da addu'a, kuma da hakki ake yin hakan. Wa zai sa rawani ya ce shi ne Bello? Wace hukumar tace finafinai za ta sa hannu? In an nuna Abdussalami mai hujja, wani gida zai ce an ci zarafinsa. In an nuna shi ɗan tawaye kawai, mu mutanen Jega za mu ce an zagi tushenmu. Ni kaina da nake wannan rubutu sai da na yi ta auna kowace kalma kamar mai awon zinariya. Ina zaton wannan ne ya sa muka fi sakewa da Amina: ta yi nisa, ba ta bar magadan da za su kai ƙara ba, kowa na iya sa mata abin da ya ga dama a baki, har da Turanci.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da nakan hango in na rufe ido, wanda da za a ba ni minti biyu da kyamara da shi zan cika su. Bayan rasuwar Shehu an sami sanyin dangantaka tsakanin Malam Abdullahi da ɗan wansa Bello a kan wanda zai gaje shi. Da Kalambaina ta gagari Gwandu, sai Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin. Masu tarihi sun kawo cewa da suka haɗu a bayan gari, kowa a kan dokinsa, Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Babu tsawa, babu jawabi. Ƙafa ɗaya ce ta fita daga likkafa, hannu ɗaya ya ɗaga, ƙafar ta koma.

Ba zan nuna fuskokinsu ba. Daga baya zan ɗauke su, rawani biyu da ƙurar da ke lafawa. Kyamarar kuwa a kan karyayyar ganuwar Kalambaina zan kafa ta, a tsakiyar waɗanda aka ci da yaƙi, suna kallon sulhun da aka ƙulla a kan faɗuwarsu. Daga cikin irinsu ne aka sami waɗanda suka bi Buhari zuwa bakin Gulbin Zamfara suka sari dajin da ya zama unguwarmu. Wata tsohuwa a cikinsu za ta juya ga jikanta ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, da irin Hausar kakata, a rubuta fassarar a ƙasan allo don amfanin mutanen Landan.